Ranar da Obren Ya Zo Aski

Obren bai taɓa taka Sarajevo ba sai ranar nan, kuma da ya san abin da ke jiransa, da ko ƙofar bukkarsa bai buɗe ba. Sana'arsa ƙona gawayi a kan dutsen Romanija, inda labari ba ya hawa sai ya tsufa. Bai ji cewa jiya-jiya wani saurayi cikin Sabiyawa, 'yan ƙabilarsu, ya harbe yariman Ostiriya da matarsa a garin ba. Shi dai ya naɗa jan ƙyallensa na zuwa coci a ka, ya saɓo jakar cuku, ya gangaro.

Aski ya kawo shi. Abokinsa Ragib, wani maƙerin tagulla Musulmi da ƙanƙara ta taɓa tsarewa a bukkar tasa, ya binne 'ya'ya biyu tun suna goye. Da aka sami na uku, tsofaffi suka ce a ba wanda ba addininsu ɗaya ba ya yanke masa gashin fari. Wanda ya yanke kuwa ya zama kum, kum kuma ya fi ɗan'uwa. Duk mutanen gidan ba mai ɗaga masa hannu, ba kuma mai tsayawa kallo ana taɓa shi.

Ya shigo gari baki sake kamar kowane baƙauye, yana kallon hasumiyoyin masallatai, ga ƙararrawar coci tana kaɗawa. Sai ya ji gilashi na ruƙushewa a ƙarƙashin takalminsa. An farfasa shaguna, an watso kujeru da tukwane kan titi. Wata tsohuwa Bayahudiya tana kici-kicin rufe tagarta, ya tsaya ya tambaye ta gidan Ragib.

"Hau gangaren nan, koriyar ƙofa," in ji ta. Sai idonta ya kai kansa. "Wayyo! Cire abin nan, bawan Allah, ku Sabiyawa ake nema!"

"Haba, Iya. Aski fa aka gayyace ni. In shiga gidan mutane kai tsirara?"

Kai, taurin kan mutanen dutse! Ta buga tagarta, shi kuma ya ƙara gyara naɗinsa.

Bai kai rabin gangaren ba suka ɓullo, Katolika da Musulmi a cakuɗe, ran nan kansu ya haɗu. Wani ya yi ihu, "Ga wani can!" Jifan farko ya same shi a kunne. Kafin ya juyo, wani ƙaton saurayi mai jar dara ya sauke masa sandar ƙarfe. Ya tare da hannun dama, ya ji yatsunsa sun karairaye. Suka kayar da shi, suka yi ta ƙwallo da haƙarƙarinsa, cukun ya tarwatse a kan duwatsu. Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban kyarkeci ya kama shi. Ya ciji wata ƙafa, ya kubce, ya ruga sama yana kurma ihun sunan Ragib, jini na cika masa baki.

Koriyar ƙofar ta buɗe. Ragib ya fizgo shi kan dokin ƙofa, ya tsaya a gabansa. Taron ya iso, mai jar darar nan a gaba. Ashe Hilmo ne, ƙanen Ragib uwa ɗaya uba ɗaya.

"Yaya, kauce."

"Uwarka ce ta haife ni, ɗan banza. Wannan kum ɗin gidanmu ne."

"Ya yanke gashin?" Hilmo ya tambaya yana haki. "Bai yanke ba. To har yanzu kare ne kamar sauran. Kauce, kar a haɗa da gidan a ƙona."

Ragib ya waiga cikin gida. "Zumra! Kawo yaron da almakashi!"

"Wallahi ban kawo shi!" matarsa ta amsa daga ciki. "Biyu na ba ƙasa. Wannan kuma in miƙa wa duwatsu?"

Bai tsaya lallashi ba. Ya faɗa ciki, ya ɓamɓaro jaririn daga ƙirjinta, ya fito tana biye tana dukan bayansa. Ya cusa wa Obren almakashi a hannu. Ina! Almakashin ya faɗi ƙasa, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa.

"Da hagu, kum. Yi sauri, don girman Allah."

Obren ya durƙusa ya ɗauka. Idonsa ɗaya ya kumbure, kan yaron kuwa bai fi dunƙulen hannu ba, sai tsala kuka yake. Wani dutse ya daki bango dab da su. Ya sa almakashin, ya matsa, gashin ya zame. Ya sake matsawa da dukan ƙarfinsa. 'Yan silin gashi suka faɗo a tafin Ragib, jinin Obren ya ɗiga a kansu.

Ragib ya ɗaga tafin a gaban fuskar ƙanensa.

Hilmo ya daɗe yana kallo. Ya tofar da yawu, ya auna wa Obren ashar, ya haɗa da kakanninsa. Sannan ya juya baya ga ƙofar, ya fuskanci abokan tafiyarsa, ya riƙe sandar da hannu biyu.

"Kum ɗinmu ne. Ku wuce."

"Ka haukace, Hilmo? Kai fa ka fara!"

"Na ce ku wuce!"

Ba su wuce ba. Ragib ya tura matarsa da yaron da Obren ciki, ya juyo zai jawo ƙanensa, amma sun riga sun rufe shi. Hilmo ya fasa kan na farko, ya karya kafaɗar na biyu. Na uku ya ɓamɓaro dutsen daɓe daga ƙasa, ya sauke masa a ƙeya. Da suka ga ɗan'uwansu Musulmi ne kwance yana shure-shure, sai kowa ya kama gabansa.

Suka shigo da shi tsakar gida. Nan ya cika. Zumra ta lulluɓe shi da mayafinta, ta zauna a ƙasa tana kuka, yaron na tsotson nono.

Obren ya ji dama shi ne a kwance. Ya lallaɓa zai fita, ko ina ne, ko a kashe shi. A ɗakin baƙi kuwa faifan abincin da aka shirya tun safe yana nan a rufe, don a ranar aski kum ne ke fara sa hannu, kuma barinsa cin fuskar yaron ne.

Ragib ya tare ƙofar. Jinin ƙanensa har gwiwar hannunsa, bai kuma iya duban Obren ba.

"Ina za ka, kum? Zauna ka ci."

Obren ya zauna, ya gutsuri burodi da hagu, ya kai bakinsa da ya fashe.