Tantanin Sa a Ƙirjin Ladan

Ni ne ladanin masallacinmu a Gude. Tun damina ban kai ƙarshen kiran salla ba. Ina zuwa tsakiya numfashi ya yanke, jiri ya ɗebe ni, wani ya karɓa.

A asibitin Kano, Likita Badi'a ta yi mini bayani.

"Uzairu, ƙofar da jini ke fita daga zuciya ƙyaure uku gare ta. Taka biyu ce, haka aka haife ka, ga shi sun ƙandare. Matashi irinka ƙirji muke tsagawa, don ya fi ƙarko. Amma tarin da ka yi ya ci huhunka, ba za ka jure ba."

Ta duba hoton zuciyata. Ta ci gaba.

"Akwai wata hanya. Baƙin likitoci sun zo, aikin taimako. Ta jijiyar cinya za a zura siririn bututu, a kai sabuwar ƙofa a naɗe, a buɗe ta cikin tsohuwar. Mai ƙyaure biyu takan yi gardama, amma hotonka ya nuna sabuwar za ta zauna. Tana tsufa fa, wata rana sai an sake. Yau suke son amsa."

"Ba wuƙa?"

"Ɗan huji kawai."

Na miƙe tsaye ban sani ba. Gwaggo Uwaliya, ƙanwar mahaifina da ta rako ni, ta rangaɗa guɗa har wata nas ta leƙo ta hana ta.

"To da me aka ƙera ƙofar, 'yar nan?" in ji Gwaggo.

"Da tantanin zuciyar sa, wato bijimi."

Na koma na zauna. Gidanmu ko lalitar fata ba a shiga salla da ita sai an san asalinta. Yaya zan yi salla da mushe a ƙirji, har ƙarshen raina? Na ce sai Baba ya yarda.

Baba, Malam Dabo, ya iso bayan azahar a bayan motar rake, don tsadar man fetur ta kori motocin haya daga hanyarmu. Ya ƙi kujera. Ya shimfiɗa buzunsa a ofishin ya zauna. Bayan an gama gaisawa ya ce, "Likita, ba alade ba?"

"Akwai ta alade, Baba Malam. Wannan ta sa ce."

"Wa ya yanka shi?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ya ambaci sunan Allah?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba."

Gwaggo ta tafa hannu. "Yaya, so kake a tono mahaucin daga Turai? Ɗanka na haki kamar tsohon jaki kana tambayar wuƙa!"

"Uwaliya, ke ko alwalarki ban gama yarda da ita ba."

Likita ta danne dariya. Ni ban yi ba. Ina jin zuciyata tana ƙoƙarin turo jini ta ƙuntatacciyar ƙofa.

Baba ya daɗe yana jan carbi. Can ya ɗago.

"Nama ne. Me zai hana shi ruɓewa a cikin yaron?"

"Ba ɗanye ba ne. Ana kankare shi, a wanke, a jiƙa shi a magani har ya yi ƙarfi, ya daina zama nama."

"A kankare. A wanke. A jiƙa." Idonsa ya yi haske. Ya buga tafinsa a kan buzun. "Yarinya, ai jima ke nan! Abin da ake yi da bagaruwa! Me ya sa ba ki faɗa tun farko ba? Fatar da aka jeme ta tsarkaka, ya zo a hadisi. Malamai sun yi saɓani, amma ga larura ta haɗu da jima. Uzairu, tashi ka ba su cinyar!"

Gwaggo ta sake guɗa. Wannan karon nas ɗin ba ta hana ta ba.

Aka yi aikin ina ji ina gani. Da na sauko daga gado na taka baranda har ƙarshe, na dawo, na sake. Ina neman hakin, ban same shi ba.

Ranar da na koma Gude, la'asar ta yi. Babu wuta, babu lasifika. Na hau dakali na toshe kunne. Na wuce inda nake yankewa, na ja, na ƙara ja, har "la'ilaha illallah".

Baba na alwala a gefe. Bai ɗago ba.

"Ka ja da yawa," ya ce. "Sa ne a ƙirjinka, ba zakara ba."