Kofatai a Kan Kwano

A ƙauyen Malobago da ke gaɓar tekun Samar babu wanda ya taɓa ganin dusar ƙanƙara, babu gida mai bututun hayaƙi, barewa kuwa sai a hoto. Duk da haka kowace Kirsimeti sai 'yan wasan kwaikwayon ƙauyen sun taru a filin ƙwallon kwando sun yi wasan tsohuwar waƙar nan ta Turawa, wadda tsoho mai tumbi da farin gemu yake sauka kan rufin gida da bareyinsa ya bar wa yara kyauta. A watsa auduga a madadin dusar ƙanƙara, mai gemun ya yi ta zufa, kowa ya koma gida bakinsa har kunne.

Aikin Mano Doroy kafinta a wasan shi ne ƙarar kofatai. Yakan jingine fallen kwano a bayan labule, ya ɗauki ɓawon kwakwa biyu, in an zo wurin saukar bareyi ya shiga ƙwanƙwasawa. In ka ji yadda yake alfahari da aikin nan, sai ka rantse shi ya rubuta waƙar.

Bana kuwa mahaukaciyar guguwa ta riga Kirsimeti zuwa. Ta kwashe rufin rabin ƙauyen, har da nasa, jikarsa Jinky tana ciki tana jin kwano yana yagewa a kanta. Ya sake rufin da hannunsa, amma yarinyar ta ce faufau ba ta ƙara kwana ƙarƙashin kwano. Ta koma gidan gwaggonta mai rufin siminti. Uwarta tana aikatau a ƙasar waje, ita kaɗai ce abokiyar zamansa, ga shi yanzu shinkafar ma shi kaɗai yake ci. Abin yana ci masa rai ƙwarai.

Ranar gwajin farko, yana fara ƙwanƙwasawa yara suka watse da kuka. Ya leƙo daga bayan labule, ya hangi Jinky ƙarƙashin benci ta toshe kunnuwa.

Mana Pising, tsohuwar malamar makaranta da ke shugabantar wasan, ta tafa hannu ta ce, “Shi ke nan, Mano Doroy, bana babu kofatai. Bareyin su sauka da takalmin roba.”

“Haba Mana Pising! Ai ƙarar ce take tashin maigidan da ke cikin waƙar daga barci. In babu ita me zai kai shi taga?”

“Sauro ya tashe shi! Kai ba ka ga yaran nan ba ne?”

“Na gan su, har da tawa. To in mun cire wannan, ruwan saman ma za mu cire shi? Ko kowa a garin nan siminti zai zuba? Ki ba ni zuwa Lahadi.”

“Kan nan naka da ƙusa aka buga shi. Zuwa Lahadi. Amma yaro ɗaya ya sake kuka, kai da kwanonka ku kama gabanku.”

Washegari da yamma ya fito da kwanon daga bayan labule, ya shimfiɗa shi a tsakiyar fili inda kowa zai gan shi. Ya zube ɓawon kwakwa a gefe, ya zauna yana taɓawa a hankali. Bai kira kowa ba. Yara kuwa ba su iya ganin babba yana wasa shi kaɗai su ƙyale shi. Ɗan mai sayar da kifi ya fara matsowa, wata ta biyo shi, kafin a jima an cika ana rige-rigen ɓawo. Ashe ƙarar da hannunka ya yi ba ta firgita ka.

Jinky dai tana can bakin ƙofar filin, ta rungume sandar ƙarfe, ko taku ɗaya ba ta ƙara ba. Haka aka yi ta yi har Asabar. Doroy yakan koma gida ya kasa cin abinci, amma gari na wayewa ya sake jawo kwanonsa.

Ran Asabar ɗin sai ya sake dabara. Tun Jinky tana goye take jin kiɗan kofatan nan, ta san shi sarai: a fara can ƙasa-ƙasa, a yi sauri, a tsaya cak. Sai ya shiga koya wa yaran a karkace da gangan, yana bugawa tinkis-tinkis yana gyaɗa kai irin na gwanaye.

Daga bakin ƙofa aka ce, “Kaka, ba haka ba ne!”

Ya yi kamar bai ji ba, ya ƙara lalata shi.

“Kaka! Wannan ai tafiyar bauna ce a cikin taɓo!”

“Ke rufa mini baki, tun ba a haifi uwarki ba nake wannan aikin.”

“To tsufa ya sa ka manta!”

Ta tako da fushinta, ta fizge ɓawon daga hannunsa. Sai da ta durƙusa gaban kwanon sannan ta tuna abin da take tsoro. Duk da haka ta ɗaga ɓawon. Doroy ya kau da kai yana sosa ƙeya. Can ya ji ƙwas, ƙwas, sannan aka yi sauri, aka tsaya cak.

“Ka ji yadda ake yi,” in ji ta.

Ranar wasan Mana Pising ta sa aka ajiye kwanon a gaban dandali, yaran ƙauyen kaf suka kewaye shi. Da aka zo wurin saukar bareyi Jinky ta ɗaga hannu, fili ya ɗauki ƙara. Wasu iyaye sun zabura, don su ma guguwar ba ta bar kunnensu ba, amma ganin 'ya'yansu ne ke yi suna ƙyalƙyala dariya sai suka koma suka zauna. Mana Pising ta juya baya, wai auduga ce ta shiga mata ido.

Bayan an tashi, Doroy yana ɗaure kwanonsa da igiya, Jinky ta tsaya a kansa tana cin wainar shinkafa.

“Kaka, rufin namu zai iya ɗaukar bareyin nan duka? Har da mai tumbin?”

Ya gane ba bareyi take tambaya ba. Ya ajiye igiyar ya dube ta.

“Kowace ƙusa ni na buga ta, na lanƙwashe bakinta ta ciki. Zai yi ƙara, wannan ba zan ɓoye miki ba. Amma ba zai tashi ba.”

Ta ci gaba da taunawa, ta daɗe tana kallon kwanon.

“To mu biya gidan gwaggo,” ta ce. “Tabarmata tana can.”