Faci a Bututun Injiniya

Tankin gidan man da ke ƙarshen layi ya shekara yana yoyo a ƙarƙashin ƙasa, har fetur ya shiga rijiyoyin unguwa. Ta gidan Mai Faci ma ba ta tsira ba. In ya jawo guga, saman ruwan sai ya yi launi-launi kamar wuyan tantabara. Shi yakan shagala da kallo, matarsa kuwa kullum tana hanyar famfon bayan kasuwa da jarka, ga ciwon baya.

Aka turo wata injiniya. Ta ce za a zura bututu har cikin ruwan ƙasa, inji ya riƙa hura iska, kumfar ta kwaso fetur ta taso da shi, wani bututun ya zuƙe. Da yake Mai Faci ya san injin iska, shi aka ba kula da injin, a rumfarsa kuma aka ajiye bututun, guda goma sha biyu, kafin a binne.

Da ya zare ragar da ke ƙarshen ɗaya, sai ga ƙananan huji birjik. Ya tsoma a bahonsa ya hura, kumfa ta tashi. Shekara arba'in ke nan, duk inda ya ga kumfa a baho faci yake yi. Ya yanko roba, ya shafa gam, ya liƙe hujin bututun duk goma sha biyun, ya mayar musu da ragarsu.

Sati uku inji na kuka, rijiya na nan da warinta.

"Malam," in ji matarsa, "injin nan naku, ban da hana ni barcin rana, me ya iya?"

Injiniya ta gaji ta sa aka zaro bututu ɗaya. Ta janye ragar, sai ga faci a kan kowane huji.

"Baba, aikin wa ke nan?"

"Nawa ne, 'yata. Ko ɗaya ba ya yoyo."

Ta dafe kai. "Baba, ai yoyon muke nema! Ta nan iskar za ta fita!"

Aka zaro sauran, aka jibge masa. Ya sa farce, facin ya ƙi ɓaruwa, don bai taɓa yin aikin banza ba. Dole ya ɗauko basilla yana huda aikinsa da hannunsa, yana tsaki.

Matarsa ta zo wucewa da jarka, ta sauke, ta dafa ƙugu.

"Saura nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"To ka tashi ka kai jarkar nan gida tukuna. Akwai wata can bakin famfo."