Sauran Saƙon Zadok

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, Yola ta cika ta batse da 'yan gudun hijira, kowa na cigiyar nasa. Suhaib, da bai daɗe da gama karatun kwamfuta ba, ya haɗa wa wata ƙungiyar agaji manhaja. Wanda ya rabu da danginsa sai ya turo saƙon waya, manhajar kuma ta buga a takarda a miƙa wa masu nema. Aka yi ta yabonsa har kansa ya soma kumbura.

Sai dai manhajar tana da bafa, wato gurbin da rubutu ke taruwa kafin a buga shi. Kamar mudu yake, abin da ya haura baki zubewa yake yi. Suhaib ya auna shi daidai saƙon ɗan boko, suna da wuri shi ke nan. Ya manta mutanenmu ba sa faɗin abin da ya kawo su sai sun gaida gida da yara da gajiya. Ya ga wasu takardun suna yankewa a tsakiyar magana, ya ce gobe zai gyara, goben kuwa ba ta zo ba.

Cikin masu nema akwai Mama Hansai, wata dattijuwa daga Michika. Ɗanta Zadok ya turo saƙo da wayar aro, ya gaishe ta, ya gaida ƙannensa da kawunsa har da fasto. Takardar ta tsaya a kan "Ni kuwa yanzu ina". An kira lambar har an gaji, a kashe take.

Bana ne Suhaib ya kunna tsohuwar kwamfutar don ya kwashe bayanan da ke cikinta, ya ci karo da saƙon cikakke, yadda ya shigo kafin ya isa bafa: "Ni kuwa yanzu ina Rumde, gidan Hamman kafinta. In ban ji daga gare ku ba, zan koma gida in neme ku."

Rumde, unguwa a nan cikin Yola, tafiyar da keke napep ke yi kafin shayi ya huce. Ya je ya sami Hamman, wanda ya ce yaron ya jira har ya gaji, sannan ya kama hanyar Michika, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Tun daga ranar, abinci bai ƙara yi wa Suhaib daɗi ba, don ya san gyaran bai fi layi ɗaya na rubutun manhajar ba.

Mama Hansai tana nan tana sayar da gyaɗa a bakin ofishinsa a Jimeta. Da safe ta hango shi, ta washe baki.

"Ɗana, ka kwana lafiya? Ya gida, ya yara? Kai ne fa ka kawo min labari Zadok yana da rai. Allah ya biya ka."

Ya tsaya ya amsa gaisuwar ɗaya bayan ɗaya har ta kai ƙarshe. Sannan ya durƙusa gefen farantinta.

"Mama, takardar nan da na ba ki, akwai sauranta."