Kwalbar Yaya Issaka

Hantsi ya ɗaga, ruwan safe ya ɗauke, babbar kwatar unguwarmu ta Nima na ta gudu da ɓawon ayaba da tsummoki. Ina bayan ɗakinmu riƙe da 'yar kwalbar asibiti, Yaya Issaka ya tare mini hanya.

"Cika ta, Mumuni. Ba randa na ba ka ba."

"Yaya, ai kai aka ba."

"Nono ɗaya muka sha. Fitsarinmu ɗaya ne."

Shi ya kawo ni Accra, ya sama mini dako a tashar Tudu. Shi kuma lebura ne a wani shagon katako a Adabraka. Maigidansu ya ga yana yawan zagayawa, ya ce ko takardar likita, ko ya nemi wani aikin. Yaya ya san abin da za a gani. Tun muna yara a garinmu na bakin kogi yake fitsarin jini. A can ba a ɗaukar wannan a matsayin ciwo. Yaro in ya fara, tsofaffi dariya suke yi, su ce ya zama namiji. Ni ma aka riƙa tsokana, don ina tsoron kogi, nawa bai taɓa yin ja ba.

Na cika kwalbar. Takarda ta fito, lafiya lau. Ran nan har tsire ya saya mini.

*

Wata takwas aka yi. Yaya ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya daina bin jam'i, don fitsari na zubo masa bai sani ba.

Wata safiya na tarar da maƙwabcinmu Malam Tajudeen wurin mai koko. A ɗakin gwajin asibiti yake aiki. Na tambaye shi yadda suke ganin ciwo a fitsari.

"Ni marini ne, ɗan dako," ya ce yana dariya. "Cikin mafitsara yana zubar da ɓurɓushi, kamar bangon da farar ƙasarsa ke saɓewa. In tara ɓurɓushin, in shafa a ɗan gilashi, in tsoma a rini, shuɗi da ja. Sai likita ya leƙa ta madubi. Mai ciwo ya fi shan rini." Ya kurɓi koko. "Na yayanka ni na rina. Tas, kamar na jariri. Abin na ɗaure mini kai, in na ga yadda ya koma."



"Fitsarina ne, Malam, ba nasa ba," na ce.

Bai yi faɗa ba. Ya ajiye kwanon a hankali. "Wata nawa?"

"Takwas."

"Takwas," ya maimaita, yana kallon ƙasa.

Da yamma ya aiko da wata kwalbar. Ya ce ba fitsarin asuba ba, na hantsi, kuma in kai da ɗuminsa.

"Ka tona mini asiri, Mumuni," in ji Yaya.

Matarsa Barikisu na bakin murhu, ba ta ko waiwayo ba. "Wane asirin? Wanda nake wankewa a ɓoye, in shanya cikin ɗaki?"

Yaya ya karɓi kwalbar.

*

Bayan kwana huɗu Malam Tajudeen ya bar ni na sa ido a madubin. Wallahi abin ya yi kyau, kamar atamfa a kasuwa. Sai ya ce in duba gefen hagu. Wasu 'yan ƙwayoyi ne a cure wuri ɗaya, masu manyan kawuna, sun sha shuɗi har sun yi baƙi.

"Likita ya gani. Ciwon daji ne a mafitsara. Wannan jinin na yarinta tsargiya ce, ita ta share masa hanya."

"Da an gani tun wancan lokacin fa?"

"Allah ne masani. Amma wuƙar likita ta fi iya abu yana ƙarami."

Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba.

Aikin da muka yi ƙaryar dominsa, shi ma ya tafi. Yaya ya kwanta. Ba ya yi mini magana, sai dai in ya ce a miƙo ruwa.

Ranar Juma'a na ga Barikisu tsaye da wandon Yaya jiƙe a hannu. Ɗakin ya cika da jiƙaƙƙun kaya, tsakar gida kuma ga mata a zaune. Na karɓa, na shanya shi a igiya tsakanin wandunana guda biyu. Tabon bai fita duka ba.

Inna Amama, tsohuwa 'yar garinmu, ta ɗago kai daga turmi, ta gani, ta fashe da dariya.

"Ayyururui! Mumuni, ashe ka zama namiji!"

"E, Inna," na ce.

Ƙofar ɗaki a buɗe take. Yaya ya ji. Ya ja mayafi, ya juya fuskarsa bango.