Taku Tara Zuwa Baranda

Mai gidan ya gyara gida, ba laifi. Wata biyu Tajussir da 'yarsa Tamadur suka yi a raɓe wurin wani ɗan garinsu a unguwar Faisal, yau ga su sun dawo hawa na uku, ko'ina sai warin fenti. Tamadur na ta yabon tayil da sabuwar ƙofar gilashi ta baranda, wadda ake turawa gefe.

Shekara shida ke nan da suka bar Omdurman zuwa Alkahira, a shekarar ƙarshe idon Tajussir ya tafi, sai inuwa-inuwa. Bai gaya wa kowa ba. A gidan aro ciwon gwiwa ya ƙirƙiro, ya zauna wuri ɗaya. Nan kuwa, da ma ya haddace gidan kamar Fatiha: taku tara daga kicin zuwa baranda, fasasshen tayil a na huɗu, tsagar bango daidai inda hannu ke sauka. Magina, Allah ya shirye su, sun shafe komai sumul.

Jibi jirgin Tamadur zai tashi zuwa Maskat, aikin jinyar da ta yi shekara uku tana nema. Ya san 'yarsa sarai. In ta gane, fasfo za ta jefa a akwati ta zauna, ta tsufa tana jan sandarsa. Kwana biyu kacal yake roƙon Allah ya rufa masa asiri.

"Baba, gahawar la'asar fa? Ko sabon gida ya mai da kai baƙo?"

"Ke dai baki gare ki kamar uwarki. Je ki baranda, ina zuwa."

Suyar gahawa ba ta neman ido. Hancinsa ya gaya masa ta yi, ya daka da citta, ya juye a ɗan tulun ƙasa, ya jera kofuna a faranti da lalube. Da ya ɗauki farantin hannu bibbiyu, sai ya tuna ba shi da hannun taɓa bango.

Ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ƙafarsa ta nemi fasasshen tayil, ta tarar da santsi.

Ya kasa kunne. A da, daga nan ake jin odar motoci da kiran mai gurasa. Yanzu tsit. Ƙofar a rufe take ke nan, kuma bai san ko a taku na takwas take ba ko na tara. In ya tsaya, a gane. In ya ci gaba, ya yi karo da gilashi da tafasasshiyar gahawa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da suka ƙetare iyaka.

Shida. Bakwai.

Sai ga hayaniyar titi ta shigo gaba ɗaya, da iska a fuskarsa. Ya wuce, ya dire farantin, ya zauna yana murmushi.

"To ga gahawa, sarauniyar Maskat."

Muryarta ba daga kujera ta zo ba. Daga bayansa ta zo, daidai bakin ƙofa.

"Baba, tun daga kicin nake gabanka ina ja da baya. Sau uku na ɗaga maka hannu."

"Tamadur, uwata, jirginki..."

"Sha gahawarka kada ta huce."

Ya ji takunta ya koma ciki, ya ji ƙarar makullai. Can sai wani sautin kartar makulli a jikin sabon fentin, a hankali, daga ƙofar kicin yana matsowa. Tana zana masa tsaga a bango, daidai inda hannunsa ke sauka.