Ruwan Duwatsu Ya Sauko Wadi

Abdulghaffar mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a unguwar Nuzla, don haka da sanyi ya shigo Jidda sai wayarsa ta yi shiru. Lokacin ne yake ɗauko injinsa na gano ƙarfe daga saman kabad. Da zafi ƙasa kan ƙame kamar siminti, injin ba ya jin komai sai abin da ke sama-sama. Amma da zarar ruwan saman lokacin sanyi ya jiƙa ta, yakan jiyo abin da ke can ciki, shebur ma ya shige ba gardama.

An yi ruwa a tsakiyar mako, ranar Asabar ya shirya fita. Kawunsa Yahya, wan mahaifiyarsa, tsoho mai ciwon gwiwa da nauyin kunne, ya ce sai an tafi da shi, zaman ɗaki ya ishe shi.

Suka nufi gabas, bayan gari, inda wani wadi, wato busasshen rafi, ya ratsa tsakanin tuddai. Abdulghaffar ya ajiye mota a kan gaɓa. Iska na kaɗawa sosai a sama, sai Kawu ya ce a shimfiɗa masa tabarma a cikin wadin, gindin wata bishiyar ƙaya, ya dafa shayi a 'yar tukunyar gas ɗinsa.

Abdulghaffar ya dubi duwatsun gabas. Hadari ya yi baƙi ƙirin a kansu, alhali nan rana ce tarwai.

"Kawu, ka ga can kuwa?"

"Can ake yi, ba nan ba. Yalla, je ka yi tononka."

Ya rufe kunnuwansa da abin sauraron injin, ya bi wadin sama yana shara faifan injin a kan yashi. Murfin kwalba. Ƙusa. Wani tsohon kofato na ƙarfe. Ya yi nisa har ya sha kwana, ƙayar ta ɓace masa. Can injin ya yi wani kuka siriri, mai tsabta, irin wanda yake jira tun bara. Ya durƙusa ya hau tono.

Ya kai zurfin gwiwar hannu ke nan, sai wata iska mai sanyi ta bugi ƙeyarsa, ɗauke da warin taɓo. Ya lura tsakuwoyin bakin ramin suna gangarowa da kansu. Ya zare abin kunnen.

Ƙara ce kamar ta manyan motoci a jere, kuma babu titi a wajen.

Ya juya. Daga can sama wani abu ja yake tahowa, ya cika wadin baki da baki, yana tura itatuwa da tayoyi a gabansa. Gaɓa tana kusa da shi, da ya taka kaɗan ya haye. Amma Kawu yana ƙasa, a tsakiya, kuma ba zai ji ba.

Ya yar da injin ya zura da gudu. Jiƙaƙƙen yashi na riƙe masa ƙafa, takalmi ɗaya ya cire ya bar shi.

"Kawu! Ruwa! Kawu, tashi!"

Tsohon ya ba shi baya, yana tsiyaya shayi daga sama cikin natsuwa. Sai da Abdulghaffar ya cafki kafaɗarsa sannan ya waiwayo a firgice.

"Lafiya? Bari in ɗauki sandata..."

"Halas, shi ke nan, bar ta! Hau bayana!"

Ya goya shi. Kafin su kai gaɓa bakin ruwan ya iso, ya doki idon sawunsa, nan take ya kai gwiwa. Wani abu mai kaifi ya sare shi a ƙwauri. Ya yi taga-taga, Kawu ya shaƙe masa wuya yana salati a kunnensa. Gaɓar a nan tsaye take, ƙasarta na zubewa duk inda ya dafa. Ruwa ya kai cinya yana fizgarsa. Ya laluba ya kamo saiwar wata bishiya, ya sunkuya, ya ce, "Taka kafaɗata, Kawu, taka!"

Tsohon ya taka da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ya yi ƙara, ya kife a sama. Sannan ya juyo rub da ciki, ya damƙi wuyan rigar ɗan ƙanwarsa da hannu biyu, ya ja har ta yage. Abdulghaffar ya hauro da rarrafe.

Suka kwanta suna haki. A ƙasansu tabarma ta wuce, tukunyar gas na tsalle a bayanta, sai ƙayar kanta ta kwanta ta bi su.

Suka lallaɓa suka koma mota. Kawu ya cire shimaginsa, mayafin kansa, ya ɗaure wa Abdulghaffar ƙwaurin da ke zubar da jini, ya ce, "Kada ka gaya wa mahaifiyarka ni na ce a sauka."

A asibiti aka yi masa ɗinki. Mahaifiyar tasa, Jawahir, ta zo da abayarta a karkace, ta dubi ɗanta, ta dubi wanta da ke zaune ba takalmi, laka har gemu. Ta zauna tsakaninsu, ta riƙe hannun kowanne, tana kuka a hankali.